Ina so in maida kangon gidanmu na kauye masaukin baki, baffa ya ce sai bayan ransa

Salam Anti, dan Allah a boye sunana. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina zaune a Dorayi da maigidana da yara hudu. Babanmu ya rasu shekara 12 kenan, ya bar mana gida a kauyenmu can wajen Bebeji ba nisa da hanyar Tiga. Gidan kasa ne babba, zaure biyu da soro da dakuna takwas, ga rijiya ga mangwaro a baya. Tun da aka dawo da su Inna birni ba mai kwana a ciki sai awaki da jemagu, daki uku ma sun rufta. Ina ganin bidiyo a TikTok yadda a Maroko ake gyara tsofaffin gidaje, bako ya kwana a ba shi karin kumallo ya biya, abin ya shiga raina sosai. Na tara miliyan 7 kuma ina da fili a Janguza da nake so in sayar in kara. Mu tara ne wajen Baba, daki biyu, har yau ba a raba gado ba, kuma yayanmu daya ya rasu ya bar yara. Babban yayanmu ya ce in je in yi ba komai, amma baffanmu da ke kauyen ya ce sai bayan ransa za a maida gidan dan uwansa otal. Maigidana bai hana ba, ya dai ce kudina zan zubar. Ya zan yi?

Wa alaikumus salam kanwata, Allah ya ji kan Baba ya kai haske kabarinsa. Wallahi tunaninki ya burge ni, don ni ma duk sanda na bi hanyar Zariya na ga irin gidajen nan na iyayenmu sun zama kango, zanko ya karye, tumfafiya ta fito a tsakar gida, sai in ji ba dadi. Amma ina cikin jin dadin karanta sakonki na zo wajen "har yau ba a raba gado ba" sai na ajiye wayar na yi shiru.

Kanwata gidan nan ba naki ba ne tukuna. Ba na babban yaya ba ne kuma, don haka "je ki yi ba komai" da ya ce miki, a kan kasonsa kadai ya yi magana, shi ma da baki, ba shaida ba takarda. Iyayenku mata biyu suna da tumuni da za su raba a tsakaninsu, sauran a raba muku namiji ya dauki biyun mace, sannan yayanku da ya rasu bayan Baba kasonsa bai mutu da shi ba, ya gangara kan matarsa da mahaifiyarsa da 'ya'yansa, kuma in akwai kanana a cikinsu to marayu ne, ba wanda ya isa ya yafe hakkinsu a madadinsu, ko uwarsu. Kin ga mutum tara da kike lissafi sun kusa ashirin kenan. Yau ba wanda ya damu da gidan saboda na jemagu ne, amma ranar da aka ga fenti da sola a sama da mota biyu a kofar gida, ranar za ki san kina da 'yan uba. Ba zaginsu nake ba, haka dan Adam yake, ni ma da ni ce sai na tambaya ina nawa.

A danginmu an yi haka. Wani dan uwanmu ya fasa katangar gidan kakanmu ya fitar da shaguna uku da kudinsa, kowa na sa masa albarka, shekara hudu ana karbar haya lafiya, da aka tashi rabo masu kiyasi suka yi wa gidan kudi da shagunan a ciki, aka ce ya kawo shaidar abin da ya kashe, ba rasit ko daya. Yau shi da kannensa ko a wajen jana'iza sai dai a gaisa sama-sama.

Don haka kafin ki sayi ko buhun siminti daya a zauna a raba. Ku samu malamin da ya san ilimin gado, in kuma kin san akwai mai taurin kai a cikinku ku tafi kotun shari'a kawai, ba tonon asiri ba ne, ita ce za ta ba ki takardar da jikokinki za su rike. A kawo masu kiyasi su yi wa gidan kudi yadda yake yanzu, kango. Daga nan hanya biyu ce, ko ki saye kason sauran, ko su ba ki hayar gidan na shekaru sanannu a rubuce, a fadi nawa ne a shekara, a fadi makomar gyaran da kika yi in wa'adi ya cika. Ni sayen na fi so miki. Kuma in wani ya ce zai sayar wa bare kasonsa, a mazhabarmu ta Malikiyya akwai shuf'a, wanda kuke tarayya a gidan da ba a raba ba shi ya fi cancantar ya saya a kan kudin da aka yi ciniki. Kason marayu ki biya da kyau, ki ma dan kara, kar ki yi musu wayon cewa ai kango ne. Bayan nan sai takardun fili, ki bi ta wajen mai unguwa da dagaci zuwa karamar hukuma, don tun dokar filaye ta 1978 filin karkara karamar hukuma ce ke ba da shaidar mallakarsa, in kina son babbar takarda kuma sai KANGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar Kano. Wani kaso na miliyan bakwai dinki a nan zai tafi, ki sa wannan a ranki tun yanzu.

Sai baffa. Kar ki dauke shi tsohon da bai waye ba, ki tsaya ki ji abin da kunnensa ya ji. Ke kin ce masauki, shi otal ya ji, kuma otal a kauye sunansa daya, wajen da ake kai 'ya'yan mutane. Shi ne zai fita masallaci da asuba a nuna shi a ce ga wanda aka bude gidan badala a gidan wansa, ke kina Dorayi kina barcinki. Kuma ke mace ce, kin san bakin mutanenmu, abin da za a yi wa namiji shiru a kai ke sai an yi miki waka.

Abin da zan ce ki tuna masa, wannan sana'ar ba ta Maroko ba ce ba ta Turawa ba ce, tamu ce tun kaka da kakanni. Fatoma fa? Mutumin da fatake ke sauka a gidansa, ya ba su daki, a kawo musu tuwo daga cikin gida, ya ajiye musu kaya, ya hada su da masu saye, ya samu la'adarsa. Fataken goro da na shanu da Buzaye masu kanwa duk haka suka rika sauka a Kano, kuma fatoma mutum ne mai mutunci a gari. Baffa ya san wannan fiye da ni da ke. Kar ki kira shi a waya, kar ki tura masa sako ta bakin yara. Ki sa maigidanki da babban yaya a gaba ku tafi takanas, da goro da turare da 'yar shaddarsa, ki durkusa ki ce Baffa gidan Baba na rushewa ina so in tashe shi, ga yadda na yi tunani, ka gyara min. Kalmar otal kar ta fito daga bakin kowa. Ki fada masa sharuddan da bakinki kafin ya tambaya: ba giya, ba kida da dare, ba namiji da macen da ba matarsa ba, duk bako sai an rubuta sunansa da lambar katinsa na dan kasa a littafi, kuma littafin nan baffa na da ikon ya duba duk sanda ya so. Ki bar zauren farko na dangi, in an yi rasuwa ko biki nan za a zauna kamar yadda aka saba. In ya sauko shi da kansa zai kai ki wajen liman da dagaci, kuma wannan rakiyar ta fi miki duk wata takarda. Takardun ma dai dole ne, rajistar suna a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, rajista da hukumar yawon bude ido ta jiha, ki kuma je ofishin Hisba na karamar hukumar da na DPO ki gabatar da kanki tun kafin a kai musu labarinki a karkace. In kuma baffa ya kafe bayan duk wannan, ki dakata, ki gyara gidan a matsayin gidan iyali kawai. Masaukin da makwabta ba sa so ba ya tsayawa, yaro daya ya jefi gilashin motar bako shikenan an gama.

Yanzu maganar maigidanki, wadda ba ki so ji ba amma ita ce mai nauyi. Wa zai kwana? Gidajen da kike gani a TikTok a Marrakesh suke da Fas, garuruwan da jirgi ke sauke Turawa kullum. Hangen Dala ba shiga birni ba. Ki dubi makwabtanki ma, an gama dam din Tiga a 1974 zamanin Audu Bako, aka yi otal na kan dutse a Tiga aka yi na Bagauda, da kudin gwamnati da komai, na Bagauda yau makarantar horar da lauyoyi ce, na Tiga kuwa shekara da shekaru ya yi ba wani ciniki. Bakin da ke zuwa kallon hawan sallah, duk da UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2024, a birni suke kwana, kwana hudu biyar a shekara sau biyu, shekarun nan ma an sha dakatar da hawan. Bakano kuwa ki ce ya biya kudi ya kwana a dakin kasa, dariya zai yi ya ce daga nan fa muka gudo.

Amma ba wai babu kowa ba. Daliban makarantar lauyoyin nan daga ko'ina a Najeriya suke, iyayensu da mazajensu na kawo ziyara. Da rani dillalan tumatir na cika Kwanar Gafan, masu sayen shinkafa na yawo Kura da Bunkure da Garun Malam, akwai ma'aikatan noman rani da masu bincike daga jami'a da ma'aikatan kungiyoyi da ke aikin sati daya a kauyuka suna komawa birni kullum da dare don ba wajen kwana mai tsafta. Ga 'yan fim da ke neman gidan gargajiya na daukar shiri, ga masu hoton kafin biki, ga iyalan da ke son fitar da yara ranar Asabar su ga dam su ci kifi su dawo. Wadannan ne kasuwarki in akwai ta, kuma ba a waya za ki gane ba. Ki dauki hutun kwana uku ki je ki zauna, ki tambayi masu shayi da direbobin tasha da masu gadin makarantar ina baki ke kwana yanzu, nawa suke biya, me suke korafi a kai. Ki kuma auna minti nawa ne daga kwalta zuwa kofar gidan, a watan Agusta ba a watan Janairu ba. In karamar mota ba ta shiga da damina to wata uku kin rufe kenan.

Filin Janguza kuwa kar ki taba shi. Na maimaita, kar ki taba. Fili a gefen Kano yana kwance yana kara kudi ba ya cin ko sisi, masauki kuwa ko ba bako sai an biya maigadi.

Ginin kansa, nan ne nake jin tsoron a cuce ki. Magini na farko da za ki kira zai zagaya ya tabe baki ya ce Hajiya a rushe kawai a yi na bulo. Kar ki yarda, in kika rushe me ya rage da zai sa mutum ya baro birni? Daki na bulo da tayil ai yana da shi a gida. Katangar kasa mai kauri ita ce dukiyar, a watan Afrilu da rana ke dukan mutane ki shiga soro ki ji kamar an kunna esi, da hunturu kuma ya rike dumi. Ki nemi tsohon maginin kasa, har yanzu akwai su a cikin birni da kauyuka, ki tambaya ta wajen sarkin magina, kafin nan ki je Gidan Makama da Gidan Dan Hausa ki kalli rufin da kyau ki ga abin da ake nufi da daurin guga da bakan gizo, don ki san me za ki ce a yi miki. Maginin zai bi azara daya bayan daya yana kwankwasawa ya ji wadda gara ta cinye ta bar bawo, zai duba gindin katanga inda ruwa ke ci, ya duba indararo, don yawancin dakin kasa ba tsufa ke kashe shi ba, indararo ne ke toshewa ruwa ya kwanta a sama har ya rufta. Azarar giginya ta yi wuya yanzu kuma ta yi tsada, duk wadda aka ciro mai lafiya daga dakunan da suka fadi a adana ta, kar leburori su yi girki da ita.

Abu daya da kusan kowa ke kuskure, shafa siminti kai tsaye a kan katangar kasa. Shekarar farko gwanin kyau, daga nan danshi ya makale a ciki ba hanyar fita, wata rana ki ga filasta ta ballo faifai guda ta tafi da rabin katangar. Iyayenmu makuba suke yi da bawon dorawa, rufi kuma laso, da katsi na karofi da gashin jima da dafara, kuma duk shekara kafin ruwa ya sauka ana bin gida da yabe. Wannan yaben na shekara-shekara ki sa shi a lissafi kamar kudin makarantar yara, ranar da aka daina shi ranar gidan ya fara komawa kango. In kina son hutu za a iya dora kwano a saman rufin kasar a boye shi bayan rawani yadda daga waje ba a gani. Siminti ki kai shi inda ya dace, bandaki da dabe da gindin katanga. Kuma aikin kasa na rani ne, a fara bayan kaka a gama rufi kafin watan Mayu ya kare, ba a fafe gora ranar tafiya.

Kafin kowa ya shiga a sare ciyawa a kwashe tarkace a yi feshi, gidan da ya shekara 12 ba mutum ba a rasa maciji da kunama. Kashin jemage a yayyafa masa ruwa kafin a share, masu sharar su rufe hanci, ke ma'aikaciyar jinya ce ba sai na fada miki dalili ba. A kuma yi saukar Alkur'ani a yi sadaka a kira makwabta, don na tabbata yanzu haka yaran kauyen sun gama yanke hukuncin cewa gidan akwai mutanen boye, kuma ba mai aikin da zai yarda ya kwana miki a ciki sai an yi.

Bako zai yafe miki komai banda bandaki. Kowane daki da nasa, da ruwa mai gudu, da ruwan zafi lokacin sanyi. A yashe rijiyar a kai ruwan a gwada, ramin masai ya yi nesa da ita kamar mita 30. In bohol za ki yi a fara kawo masu awon kasa, yankin nan dutse ne a karkashi, ni nan na taba biyan wani mai haka kudi ya yi kwana biyu yana tayar da kura ya ce Hajiya sai hakuri. Wuta ki manta da ta gwamnati, sola daidai fanka da fitila da cajin waya da firji daya ta isa, esi ba ki bukata in kin bar katangar nan. Raga a tagogi da gidan sauro a kowane gado, kusa da ruwa kike. Katako Na'ibawa, karfe da kayan famfo Kofar Ruwa, zannuwan gado Kwari, tabarmi da faifai da akushi na ado Kurmi, kuma ki je da kanki ko maigidanki, kar ki ba magini kudi a dunkule.

Daki biyu za ki fara da su. Biyu kacal, da soro a matsayin wajen zama da cin abinci, sauran a tsayar musu da rufi kar su kara lalacewa a kulle. In shekara ta zagayo dakin nan biyu suna biyan albashi da yabe da kansu ba tare da kin cusa albashinki ba sai ki kara biyu. In ba su yi ba, kin tashi da gidan mahaifinki a tsaye, da wajen da yaranki za su je hutu, da filinki na Janguza.

Wa zai zauna a wajen? Ke kina da aikin dare da na safe, ba za ki rike masauki daga Dorayi ta WhatsApp ba. Ki nemi mata da miji masu dan shekaru daga kauyen, in da hali ta bangaren baffa, ki ba su sashe guda da albashi, kudin daki kuma a rika turowa asusunki kai tsaye kar ya bi ta hannun kowa. Ki kuma shirya wa 'yan uwa, don mu a wajenmu bakonka Annabinka ne, karbar kudin kwana a hannun wanda aka sani abin kunya ne, za ki ga dan kanin kishiyar Inna ya zo da abokansa hudu ya ce ai gidanmu ne. Tun ranar rabon gado a fada a gaban kowa, zaure da daki daya na dangi ne kyauta, dakunan baki kuwa ko ke kika kwana sai kin biya.

Karin kumallon shi ne ma abin da ban damu da shi ba ko kadan. Kar ki wahalar da kanki da su soseji da abin da kika gani a bidiyo. Koko mai zafi da kosai da aka kwashe yanzu daga kasko, waina da miyar taushe, kunun gyada, kwan kajin gida, shayi da burodi ga wanda cikinsa bai saba ba, da hantsi a kawo nono daga ruga a dama fura. Matan makwabta ki ba su wannan cinikin, kowace da ranarta, kin ga gidan ya zama nasu su ma, matar baffa ki fara ba ta ranar Juma'a. Ki dai tsaya a kan ruwan da ake girki da shi da wankin hannu.

Ki fara kiran babban yaya a daren nan ki ce masa kina so a sa ranar zaman gado bayan sallah. In an yi zaman ki sake rubuto min ki fada min nawa aka yi wa gidan kudi da abin da baffa ya ce, sai mu lissafa ko abin da ya rage a miliyan bakwan zai kai daki biyu da bandaki.